Tambarin Kawu da Motocin da Bai Ɗaga Ba

Ƙarfe goma da minti ashirin na safiyar Talata Allah ya karɓi ran Kawu, yayan mahaifiyata, a ɗakinsa da ke Jushi. Mu huɗu ne a wurin. Inna, matarsa, tana zaune daidai kansa tana shafa masa ruwa a leɓe. Mahaifiyata tana riƙe da hannunsa na hagu, wanda ciwo bai taɓa ba. Ni ina tsaye a bakin ƙofa. Na huɗunmu maƙwabcinsa ne na gareji, mutumin kudu mai sayar da kayan mota, wanda zaman shekara arba'in ya ba shi izinin shiga gidan. Dubiya ya zo, ya tarar da abin da ya tarar, ya cire hula ya tsaya a tsakar gida. Babban ɗan Kawu ba ya nan. Yana gareji, kwance a ƙarƙashin wata mota. Zan dawo kan abin da yake yi a ƙarƙashinta.

An kai Kawu makwancinsa bayan azahar. Allah ya jiƙansa, ya yafe masa, ya sa can ta fi masa nan.

Na ɗauki biro ne don kada a manta da shi. Amma gara in faɗa tun farko, raina a ɓace yake, kuma ba mutuwar ce ta ɓata shi ba. Kawu ya haura saba'in, ya yi jinyar damina uku, mun san ranar tana tafe. Abin da na ji a wurin zaman makoki ne ya hana ni sukuni.

Washegari muka zauna a ƙofar gida muna karɓar gaisuwa. Kawu maƙerin sifirin ɗin mota ne, wato ƙarafan da ke ɗauke da nauyinta a kan taya, don haka rabin masu zuwa direbobin a-kori-kura ne, masu jigilar rake da masara da mutanen kasuwannin ƙauye. Suka jera motocinsu a bakin layi. Wani mai ɗaukar rake ya durƙusa gabanmu, ya yi addu'a, ya shafa, sannan ya nuna waje da haɓa.

"Allah ya jiƙan Baba. Kun ga tawa can, tsaye kamar raƙumi? Aikin gidan nan ne. Tun da aka ɗaga min ita cikinta bai ƙara taɓa ƙasa ba."

Na kusa da shi ya karɓe. "Tawa ma. Rana ɗaya aka gama, kuma da araha. Ga ƙafar kaza nan a jiki, mai so ya je ya duba."

Jama'a suka yi ta cewa Allah sarki, Allah ya saka masa da alheri. Mai kayan mota yana gefe, ya sunkuyar da kai. Can ƙarshen tabarma akwai wani dattijon coci daga Basawa, tun safe ya zo, an ajiye masa abinci bai taɓa ba. Na ga yadda ya runtse ido.

Tunda an ce mai so ya je ya duba, sai na tashi na je. Da fararen kayana na durƙusa a ƙasa, na leƙa ƙarƙashin motocin ɗaya bayan ɗaya. Bakwai ne. Biyar daga ciki an cusa musu katako ko guntayen ƙarfe tsakanin sifirin da aksul, wato sandar da tayoyin baya ke jikinta. Kuma duk biyar ɗin suna ɗauke da tambarin Kawu, wato ƙafar kazar da suke faɗa. Kwana ɗaya da binne mutum, a ƙofar gidansa, ana yabonsa da aikin da ya shekara arba'in yana korar mutane a kansa.

Ni ba mai zurfin karatu ba ne. Firamare na gama, na yi shekara talatin ina aiki a gonar gwaji a Samaru, inda aka koya mini cewa sai an ja igiya an kafa turke kafin a zuba iri. Don haka zan bi maganar daki-daki: wane ne Kawu, me ya sami tambarinsa, sannan abin da nake roƙo.

Garejinsa rumfar kwano ce a Sabon Gari, da guntun ƙarfen layin dogo kafe a kututture, da guduma uku, da jak biyu. Sifirin ɗin bayan a-kori-kura falle-fallen ƙarfe ne da aka ɗora kan juna, a lanƙwashe kamar baka. In mota ta tsufa ta sha lodi, bakan ya miƙe, bayanta ya zauna, taya ta riƙa gugar bodi, cikin motar ya riƙa dukan tudun da ke tsakiyar hanyar ƙauye. Direba ba wawa ba ne da yake son a ɗaga masa ita. Duk wanda ya bi hanyoyin nan da damina ya san dalili. Kawu ma ya sani, kuma yana ɗagawa. Amma da tsarinsa.

Da farko tambaya. Me kake ɗauka? Wace hanya kake bi? Mutane na hawa baya? In direba ya ce kaya kawai, Kawu zai dube shi sama da ƙasa ya ce, "To kai ne ka fara. Ni dai ban taɓa ganin a-kori-kurar da ta dawo daga kasuwa babu tsohuwa a kan buhu ba." Sannan ya kwance sifirin ɗin, ya bi fallayen ɗaya-ɗaya a kan ƙarfen dogo da guduma, da sanyinsu, ba ya barin wuta ta kusance su, har bakan ya dawo. In akwai buƙata ya ƙara falle ɗaya. Iyakar ɗaginsa yatsa uku. Zai jera yatsun a fuskar direba ya ce ko wa ya aiko shi ba a ƙarawa. Yubol, wato lanƙwasassun ƙusoshin da ke rungume sifirin da aksul, sababbi yake sawa, ba ya mayar da tsoho. Bayan haka ya ɗaga bodin da jak har tayar ta yi reto, ya kama tiyon birki ya ji ko ya ɗame. In ya ɗame, a sako mai tsawo.

Sai abin da ake yi masa dariya a kai. Ba ya sallamar mota sai an yi mata lodinta na gaskiya, shi kuma ya tattare riga ya haye can saman kayan, inda matan kasuwa ke zama. Direba ya ja, su bi ta Kwangila, a sha kwana, a taka birki da ƙarfi sau uku. Mutanen layin sun saba ganinsa, dattijo da furfura a saman buhunan masara, hula a hannu, yana dukan rufin mota yana cewa a ƙara. In ya sauko ya gamsu, sai ya ciro ɗan ƙarfen tambarinsa daga ƙusar da yake rataye shi, ya buga sau ɗaya. Zane uku ne da suka haɗu a gindi, shi ya sa direbobi ke ce masa ƙafar kaza. Ba ya bugawa a jikin sifirin, ya ce duk inda aka ji wa sifirin ciwo nan zai karye. A kan farantin ƙarfen da ke ƙasa yake bugawa. Da tafiya ta yi tafiya, mai sayen tsohuwar a-kori-kura a Zariya ba ya tambayar komai kafin ya leƙa ya nemi ƙafar kaza. In ya gan ta, ya san akwai dattijon da ya ɗora ransa a saman motar kafin a ɗora na wani.

Maganarsa ta kullum ita ce, "Durƙusa ka duba." Direba ya ce inji lafiya, durƙusa ka duba. Mahaifiyata za ta sayi akuya, durƙusa ki duba. Ranar da na je gaya masa na ga yarinyar da zan aura, sai da ya gama shan shayinsa tsaf, sannan ya ce, "Ka durƙusa?" Guduma ta kashe masa kunne ɗaya, don haka da ƙarfi yake magana, har sirri ma sai maƙwabta sun ji.

Mutum ne mai zafi, ba zan ɓoye ba. Mai ɗaukar raken nan da ya yabe shi a wurin makoki, da idona na ga Kawu ya kore shi shekarun baya. Ya zo da katakonsa a yanke, ya ce a sa masa kawai, sauri yake yi.

"Baba, kowa haka yake yi, kuma suna tafiya."

"Suna tafiya. Ka tambaye su yadda suke tsayawa?"

"Ni rake nake ɗauka, rake ba ya mutuwa."

"Masu saran raken fa, a ƙafa suke dawowa? Kwashe itacenka ka kai wa matarka ta dafa tuwo."

Faɗansa da mai kayan mota kuwa har yanzu ana labarinsa a layin. Wata rana aka kawo masa yubol huɗu daga shagon, baƙi wul, suna ƙyalli. Ya kankare ɗaya da farce, fenti ya fita, tsatsa ta bayyana. Ya kwashe su ya taka har cikin shagon, ya zube su a kan kanta gaban masu ciniki.

"Oga, kakanninka ne waɗannan ka yi musu wanka?"

"Haba Malam! Daga jirgi aka sauko da su, masu ƙarfi ne, sun fi sabo."

"To sa su a motar da ke kai 'ya'yanka gida Kirsimeti, in gani."

Wata uku ba sa gaisawa. Ranar da suka shirya, mai kayan ne ya shigo rumfa ya dire kwalin sababbi, ya ce, "Malam, kai ba ka da daɗi, amma ga shi." Kawu bai ɗago ba, ya tura masa benci da ƙafa. Shi ke nan aka wuce wurin.

Alherinsa ma da faɗa yake zuwa. Wata Juma'a muna dawowa daga masallaci, ni da shi, sai ga a-kori-kura cike da matan zumunta na coci, sun sha anko, za su biki kudancin Kaduna. Motar na tafe tana rangaji. Kawu ya shiga tsakiyar titi ya ɗaga hannu biyu. Mai tuƙin shi ne dattijon nan na Basawa, lokacin bai yi furfura ba.

"Lafiya, Malam?"

"Sauko. Durƙusa ka duba."

Katako ne, biyu-biyu a kowane gefe, ɗaya har ya tsage. Matan suka fara gunaguni, wai za su makara. Kawu ya ce, "Iyayena, gara amarya ta jira ku da ta zo gaishe ku a asibiti." Ya tuɓe rigar Juma'arsa, ya sauke motar, ya bugi sifirin har bayan la'asar, su kuma suna zaune a gindin darbejiya suna rera waƙoƙinsu. Da aka gama ya haye baya, a tsakiyarsu, aka tafi gwaji, suna ta dariya suna cewa yau zumunta ta yi sabon mamba. Bai karɓi komai ba. Bayan mako guda aka aiko wa Inna da doya da citta.

Wannan shi ne Kawu. Yanzu ga abin da ya sami tambarinsa.

Damina uku da suka wuce ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshensa ya yi nauyi. Gareji ya koma hannun babban ɗansa. Zan yi masa adalci: ya iya guduma, a hannun ubansa ya koya, kuma shi ya riƙe gidan duk tsawon jinyar. Amma aikin Kawu kwana biyu yake ci, wani lokaci uku, ga sabon yubol, ga tiyo. Direbobi kuwa suna son tsawo mai yawa, yau-yau, da araha, kuma akwai masu yi musu a wasu layukan. Abin da waɗancan ba su da shi ita ce ƙafar kaza. Tana nan rataye a ƙusa, ba mai gadinta.

Wata Asabar na biya garejin na ga abin da ake yi. Na farko, katako ko guntayen ƙarfe da ake jerawa tsakanin sifirin da aksul. Katako yana shan ruwa ya kumbura, ya bushe ya motse, noti ya saki. Ƙarfen ma, in an ɗora wani kan wani, zamewa yake. Ranar da aka taka birki da ƙarfi da lodi, sai ya fice kamar ƙwallon mangwaro daga hannu, aksul ya karkace, motar ta bi inda ta ga dama. Na biyu, tunda an ƙara tsawo yubol ba ya kaiwa, sai a yi wa tsoho ƙari da walda, kuma daidai wurin waldar yake ɓallewa. Na uku, a gasa sifirin da wuta a lanƙwasa shi cikin minti kaɗan. Ranar farko gwanin kyau, amma wuta ta riga ta kashe ƙarfen, ko ya kwanta ko ya karye. A ƙafafun gaba na motar kuma a yanka tsohuwar taya a cusa, sitiyari ya riƙa yawo a hannu. Duk cikin wannan ba mai tuna tiyon birki. Yana nan a gajerensa, a ɗame, yana jiran ranar da taya za ta faɗa rami ya tsinke. Ko ma babu abin da ya karye, motar da aka ɗaga taƙi guda aka yi mata lodi har sama, shan kwana da ɗan gudu ya ishe ta kifewa. A gabana aka gama wata, ba wanda ya hau samanta, aka ciro ƙarfen Kawu aka buga.

Na jira direban ya tafi, na kira ɗan Kawu gefe. Shi ɗan namiji ne, ni ɗan mace, taubasai muke. Tun muna yara babu baƙar maganar da ban gaya masa ba, babu wadda bai mayar mini ba, kuma ba ta taɓa zama faɗa ba. Na ce masa, "Abin da kake yi kisan kai ne, kuma da sunan ubanka kake yi."

Ya fashe da dariya har da riƙe ciki. "Jama'a ku zo ku ji, bawana ya zama injiniya! Kai da ka ƙare a auna layin masara da igiya, me ka sani a ƙarfe?"

"Ba wasa nake yi ba."

"Ai kullum haka kake cewa. Ɗan mace, je ka sayo min goro, wataƙila in 'yanta ka."

Masu zaman rumfa suka yi ta dariya. Ni ma, Allah ya yafe mini, na murmusa, don baki ya saba. Sau uku ina komawa, sau uku ana tashi da dariya. Duk yadda na ɗaure fuska sai a ce yau taubashi ya zo da sabon salo. Kawu kuwa ban gaya masa ba, na ce mara lafiya ne, kada a ƙara masa. Wannan laifina ne, ga shi na rubuta da hannuna.

Bara da kaka dattijon Basawa ya yi sallama a gidan. Ina nan, na zo yi wa Kawu aski a zaure. Suka gaisa, sannan ya kwance wani ƙyalle ya ajiye farantin ƙarfe a cinyar Kawu. Ya ce tsohuwar motarsa ta mutu, ya sayi wata a hannun wani.

"Na durƙusa, Malam, kamar yadda ka koya mini. Na ga guntayen ƙarfe a jere, raina bai so ba. Sai na ga ƙafar kaza. Na ce tunda Malam ya buga, ya san abin da ya yi. Na miƙe."

Suna dawowa daga gona da masara, matarsa da wasu mata biyu a sama, akuya ta gitta, ya taka birki. Ƙarfen ya fice, motar ta juya ta kwanta. Mata biyun suka tashi da ƙujewa. Matarsa ƙugunta ya karye, har yau ba ta taka ba. Tana cikin waɗanda suka yi waƙa a gindin darbejiya.

"Ban zo ƙara ba," in ji shi. "Na san kana kwance, na san ba kai ba ne. Na zo ne ka sani, saboda akwai wasu a kan hanya."

Kawu ya bi zanen da babban yatsansa na hagu, ya sake bi. Hawaye ya gangaro masa cikin kumfar askin. Ya ɗago ya dube ni, da ƙyar ya haɗa kalma biyu: "Karɓo ƙarfen."

Za ka ce me ya hana shi kiran ɗansa ya tsawata masa? Ɗan fari ne. Shekara hamsin Kawu bai taɓa kiran sunansa ba, sai dai "mutumin nan". A gareji ma da guduma yake nuna masa aiki, in akwai faɗa sai ya yi wa bango, ɗan ya tsinta. Mutumin da ya tare titi ya tsayar da motar baƙi, ya zubar wa maƙwabci kaya gaban jama'a, ya kasa ɗaga ido ya ce wa ɗan cikinsa bari. Da ɗan ya shigo gaisuwa da yamma, Kawu ya juya fuska bango, aka ɗauka alkunya ce ta kullum. Inna kuwa ko zama ɗaki ɗaya da shi ba ta yi. Uba ba ya iya yi masa magana, uwa ba ta iyawa, ni da aka aika kuma maganata wasa ce. Da na je karɓo ƙarfen tambarin cewa ya yi ya ɓata, ya ƙara da cewa tun yaushe bawa ya fara cin gadon ubangidansa. Sauran watannin Kawu, duk na shigo sai ya tambaye ni da ido, ni kuma in girgiza kai. Da wannan ya tafi. Kuma safiyar da ya tafi, katako ɗan ke jerawa a ƙarƙashin motar nan. Mai kayan mota ne ya je ya jawo shi ta ƙafa ya gaya masa.

Ina girmama alkunya, da ita aka raine ni. Amma wadda ta bar mace kwance da karyayyen ƙugu, ta bar motoci suna yawo da ran mutane, ban san sunan da zan ba ta ba. Ina fushi da ɗan Kawu. Ina fushi da direbobin da suka san Kawu yana kwance ba ya ko ɗaga cokali, amma suka karɓi tambarinsa suna murna, don ya ƙara wa motarsu daraja ranar sayarwa. Na fi fushi da kaina. Kuma Allah ya gafarta mini, akwai ɗan fushin da ya rage na Kawu shi kansa, don kalma ɗaya daga bakinsa, ko da nauyin harshe, da ta isa.

Ranar addu'ar uku, bayan maza sun watse, na shiga cikin gida da farantin dattijon Basawa a hannu. Inna tana ɗakinta cikin takaba, mahaifiyata da sauran mata suna zaune a tsakar gida. Na durƙusa a bakin labule na gaya mata komai daga farko har ƙarshe, ban tsallake nawa ba. Na tura mata farantin. Sai ta ce a kira mata "wancan".

Ya shigo, ya tsuguna nesa da ƙofa kamar yadda ya saba. Da ya gan ni sai ya fara, "A'a, bawana, har ƙarata ka kawo?" Ba wanda ya yi dariya. Inna ta yaye labulen, ta dube shi ido cikin ido, ta kira sunansa. Sunansa na yanka, gaban mata, a karon farko tun da ta haife shi. Mahaifiyata ta rufe baki da mayafi. Wata tsohuwa ta ce la'ilaha. Ba zan rubuta sunan a nan ba, ita kaɗai ta san abin da faɗinsa ya ci mata.

"Ba ni ƙarfen ubanka."

"Inna, ai ya..."

"Na kira sunanka gaban mutane. Kada ka sa in sake."

Ya sa hannu a aljihu. Ashe duk tsawon lokacin yana jikin makullansa. Ya ajiye shi a ƙasa, ya ce, "Da me zan riƙe gidan? Su suke so. In ban yi ba wani zai yi."

Inna ta ce, "Wanin ya yi da sunan ubansa." Ta saki labule.

Ni aka ba ƙarfen. Na kai wa mai kayan mota, ya ɗora shi a injin wasa wuƙa, ya goge fuskarsa har ta yi sumul, yana yi yana share ido da kafaɗa. Na mayar wa Inna, ta ƙulle shi a gefen zaninta.

Ɗan Kawu ya yarda zai sauke duk motar da ya ɗaga. Cikin biyar ɗin da na gani, uku sun zo. Ta farko da ya gama, da idona na gan shi a saman buhuna ana bi da shi ta Kwangila, ya riƙe ƙarfe gam. Ko zai ɗore, Allah ne masani. Biyu sun ƙi, har da mai ɗaukar rake, ya ce motarsa lafiyarta lau. Sauran kuwa shi kansa bai san yawansu ba, wasu an sayar, an sake sayarwa, suna can suna jigila. Tun ranar nan bai ƙara ce mini bawana ba. Malam yake ce mini, kuma ban taɓa zaton zan yi kewar zagi ba.

To ga roƙona, kai mai karatu, ke mai karatu. Faɗinsa yana mini ciwo, don shekara arba'in Kawu ya yi yana gina abin da zan ce ka rushe. Ka daina yarda da ƙafar kaza. Ta gaskiya da ta ƙarya ƙarfe ɗaya ne ya buga su, ba mai iya rarrabewa. In kana da tsohuwar a-kori-kura, ko za ka saya, ka leƙa bayan tayar baya. In ka ga katako, ko ƙarfe kan ƙarfe, ko walda a jikin yubol, ko tiyon birki a ɗame, kada ka ɗora mata ko buhu ɗaya, kawo ta rumfar Kawu a Sabon Gari a sauke ta, aikin hannu kyauta ne. In ke ce mai hawa baya ranar kasuwa, ajiye kayanki ki leƙa kafin ki hau. Direba ya yi miki dariya, ki bar shi da dariyarsa, ki jira ta gaba. In za ka yi wa Kawu addu'a mun gode, ka haɗa da matar Basawa da ke kwance. Amma kada ka ƙara nuna mota tsaye kamar raƙumi ka ce aikinsa ne. Kafin ka ce Allah ya jiƙansa, durƙusa ka duba.